Ina Za Ka Ajiye Tsofaffin Sigogin Fayilolinka na Shekaru: Saba ta Biyu, Gajimare ko Kaset?

Duk wanda ke kula da kwamfutocin ofis, ko na asibiti, ko gidan rediyo, wata rana zai kai matakin da kwafin jiya ba ya wadatar da shi. Akanta zai nemi takardar albashi yadda take a watan Maris na bara, kafin wani ya taɓa ta. Lauya zai nemi yarjejeniyar da aka goge shekara uku da suka wuce. Ko kuma a gano cewa wani fayil ya lalace tun watanni biyar baya, kuma tun lokacin ana ta kwafar lalataccen a kan mai kyau. A irin wannan rana da tsohuwar zuma ake magani, amma sai idan an adana ta. Wannan bayani na wanda ya riga ya yarda yana bukatar riƙe sigogin fayiloli na tsawon shekaru ne, abin da ya rage masa shi ne inda zai sa su da kuma abin da zai biya.

Abubuwa biyu mu fitar da su daga lissafi tun yanzu. Na farko, manhajojin daidaita fayiloli. Google Drive yana riƙe tsohuwar siga kwana 30 ne ko sigogi 100, sai dai wadda ka sa wa alamar a bar ta, Dropbox na kyauta ma kwana 30 ne. Aikinsu su mayar da can daidai da nan, don haka idan nan ya lalace can ma zai bi. Na biyu, RAID, wato haɗa faifai da yawa su yi aiki tare a na'ura ɗaya. Yana kare ka daga mutuwar faifai ɗaya, amma fayil ɗin da aka goge ya tafi a kan dukkan faifan lokaci guda.

Ma'aunan da za mu auna da su

Ma'aunin da na fi ba nauyi, wanda kuma masu sayar da kaya ba sa fara ambata, shi ne: wa ke da ikon goge tsofaffin sigogi? Idan sabar da ake aiki a kanta, wato kwamfutar da ke riƙe fayilolin ofis, tana riƙe da kalmar sirrin da za ta iya share ma'ajiyar ko-ta-kwana, to duk wanda ya kutsa cikinta ya samu duka biyun. Masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa sun san haka sarai, ma'ajiyar suke fara nema kafin su kulle komai. A 2014 wani ya shiga asusun da kamfanin Code Spaces yake da shi a Amazon ya goge bayanai haɗe da kwafinsu, kamfanin ya rufe ke nan. Ba ɓarawo kaɗai ake tsoro ba. A Disamba 2021 Jami'ar Kyoto ta Japan ta rasa kusan terabait 77 saboda kuskure a wani ɗan shirin da aka rubuta don share tsofaffin fayilolin rahoto. Duk tsarin da ke riƙe sigogi dole yana gogewa da kansa, kuma a wurin gogewar nan hatsarin yake.

Sai nisa. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabobin kamfanin OVHcloud a Strasbourg ta Faransa, wasu abokan hulɗa suka tarar kwafinsu ma a harabar yake. Nisan ba na kilomita kaɗai ba ne, har da na kamfani: a Mayu 2024 kuskure a Google Cloud ya share ma'ajiyar asusun fansho na UniSuper a Ostireliya, abin da ya taimaka musu shi ne kwafin da suka ajiye wajen wani kamfani daban.

Kuɗi kuma kashi uku ne, kuma yawanci kashi ɗaya ake nuna maka: kuɗin ajiyewa, kuɗin maidowa, da tarar gogewa da wuri. Ga mai samun kuɗinsa da naira ko sefa, sai a ƙara na huɗu, wato cewa gajimare, ajiya a sabobin wani kamfani ta intanet, da dala ake biya kowane wata, ko canji ya tashi ko ya sauka.

Ƙarko yana da fuska biyu. Akwai lalacewar da ke faruwa shiru, faifai ya canza ɗigon bayani ba tare da ya yi ƙara ba, sai tsarin da ke ajiye lambar tantancewa ne zai gane. Akwai kuma tambayar ko bayan shekara 10 za ka samu na'ura da manhajar da za su karanta abin da ka ajiye.

Na biyar, tsawon lokacin maidowa. Yi lissafin da kanka: terabait 1 a layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa zai ci fiye da kwana 9 ba tsayawa, terabait 5 a megabit 20 kuwa kusan kwana 23. Wannan idan layin bai yanke ba ke nan. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Gana da maƙwabtansu suka sha wahala na kwanaki.

Na ƙarshe, sauƙi, kuma ba sauƙinsa gare ka nake nufi ba. Idan ka bar aikin, wanda ya gaje ka zai iya maido da fayil ba tare da ya kira ka ba?

Sigogi nawa, na tsawon yaushe

Kafin zaɓen wuri a tsayar da jadawali, domin shi ke faɗin girman wurin. Tsarin da aka fi bi shi ne na kaka, uba da ɗa: a riƙe kwafin kowace rana na kwana 7, na kowane mako guda 4, na kowane wata guda 12, na kowace shekara guda 7. Sigogi 30 ke nan da suka shimfiɗu a kan shekara 7. Idan cikakken kwafi kake yi kowane lokaci, terabait 1 ya zama 30. Idan tsarinka abin da ya canza kawai yake ajiyewa, wurin da za ka ci ya danganta da yawan canjin, kuma ga takardun ofis yakan yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Doka ma tana da baki a nan. Dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA ta 2020, ta ce a riƙe bayanan lissafin kuɗi shekara 6. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ba ta yarda a riƙe bayanan mutum fiye da bukata ba. Saboda haka "a ajiye komai har abada" ba amsa ba ce, a raba bayanai gida-gida, kowane da wa'adinsa.

Saba ta biyu mai ɗaukar hoton ma'ajiya

Wannan shi ne ka sa wata na'ura a wani gini, mai amfani da tsarin ajiye fayiloli na ZFS, kamar yadda manhajar TrueNAS ke yi, ko na Btrfs, kamar yawancin akwatunan ajiya na kamfanin Synology. Tsarin yana ɗaukar hoton halin da ma'ajiya take ciki cikin ƙiftawar ido, hoton ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da ya canza bayansa, sannan a tura bambancin zuwa saba ta biyu. ZFS, wanda kamfanin Sun ya fitar a 2005, yana ajiye lambar tantancewa ga kowane gutsuren bayani, kuma idan ka sa shi bincike kowane wata zai gano ruɓewa ya gyara daga faifan da ke da mai kyau. A fannin ƙarko da saurin maidowa babu na biyunsa a cikin zaɓinmu: tsohuwar siga tana nan kamar babban fayil na yau da kullum, ka buɗe ka ɗauka.

Inda ake tuntuɓe shi ne wurin haɗa sabobin biyu, kuma a nan zan daɗe. Mutane da yawa suna saita na farko ya riƙa turawa, na biyu kuma ya zama madubinsa. Sakamakon haka, idan na farko ya goge hotunan da suka wuce wata ɗaya don wuri ya yi masa kaɗan, na biyu ma ya goge. A ZFS, idan ka tura da zaɓin -R kuma ka karɓa da -F, hotunan da babu su a wurin mai turawa za a share su a wurin mai karɓa. Abin da ya dace shi ne saba ta biyu ce za ta riƙa jawowa da kanta, ta farko ba ta da makullin shiga ta biyu ko kaɗan, kuma kowace da nata jadawalin: ta farko kwana 30, ta biyu shekara 7. Manhajojin sanoid da syncoid suna yin wannan, kuma kyauta ne. Sai kuma a kula kada a goge hoton ƙarshe da sabobin biyu suka yi tarayya a kansa, domin idan ya ɓace sai an sake tura komai daga farko.

Kuɗinsa a gaba yake: na'ura, faifai aƙalla biyu ko huɗu, sannan sauya faifan, waɗanda garantinsu shekara 3 zuwa 5 ne. A wurinmu dole a haɗa da UPS ko inbata da batir, da ɗaki mai sanyi, da share ƙurar hunturu daga fankokin na'urar. Wanda bai sa waɗannan a lissafi ba bai san farashin ba tukuna.

Borg ko restic zuwa wata saba

Waɗannan manhajoji ne na kyauta da ke yanka fayiloli gutsure-gutsure, su ajiye kowane gutsure sau ɗaya tak ko da ya bayyana a sigogi ɗari, su matse shi, su kulle shi da makulli kafin ya bar kwamfutarka. Jadawalin kaka, uba da ɗa layi ɗaya ne a cikinsu. Bambancinsu: Borg yana son sabar da ake shiga ta SSH, amintacciyar hanyar shiga kwamfuta daga nesa, kuma aka sa masa manhajarsa a can, restic kuwa yana magana kai tsaye da ma'ajiyun gajimare na Amazon S3 da Backblaze B2, da SFTP, hanyar tura fayiloli ta SSH, kuma yana aiki a Windows ba wahala. Akwai kamfanoni irin su Hetzner da rsync.net da ke ba da hayar wuri mai karɓar Borg.

Alherinsu shi ne ba sai ka amince da mai sabar ba, tunda abin da yake gani a kulle yake. Za ka iya ajiyewa a na'urar wani ofis na abokin hulɗa a wani gari, shi ma ya ajiye nasa a wurinka. Dukansu suna da yanayin "ƙari kawai", inda kwamfutar da ke turawa za ta iya ƙara sabon kwafi amma ba za ta iya share tsoho ba, sai a yi sharar daga wata amintacciyar na'ura. Ina ganin duk wanda bai kunna wannan ba ya bar rabin amfanin a ƙasa.

Hatsarinsu biyu ne. Idan makulli ya ɓace, komai ya ɓace, babu wanda za ka roƙa. A buga shi a takarda a sa a akwatin ƙarfe, mutum biyu su san wurin. Sannan tunda sigogi da yawa suna jingine da gutsure ɗaya, lalacewarsa tana taɓa duk sigogin da ke amfani da shi. Maganin shi ne binciken da ke karanta ainihin bayanan lokaci-lokaci, da kuma ma'ajiya biyu masu zaman kansu, kowace a tura mata daban. Kwafar babban fayil ɗin ma'ajiya ɗaya zuwa wata da manhajar kwafi irin rsync yana kwafar lalacewar tare da shi.

Gajimare mai riƙe sigogi da kulle wa'adi

A Amazon S3 da masu kwaikwayon tsarinsa, idan ka kunna riƙe sigogi, fayil ɗin da aka sake rubutawa ko aka goge ba ya tafiya, ana ture shi baya ne. Sai ka kafa ƙa'ida: bayan kwana kaza a mayar da tsohuwar siga ma'ajiya mai araha, bayan shekara kaza a share. Babban abin da wannan zaɓi ya fi saura da shi shi ne Object Lock, wato kulle wa'adi, wanda Amazon ta fito da shi a 2018. A yanayinsa mai tsanani, ko mai asusun ba zai iya goge abu ba sai wa'adinsa ya cika. Wannan ya amsa ma'auninmu na farko kai tsaye. Amma ka yi hattara da lambar da za ka rubuta: idan ka kulle terabait 10 na shekara 10 bisa kuskure, za ka biya kuɗinsa.

Farashi ya bambanta ƙwarai. S3 na yau da kullum a yankin gabashin Amurka kusan dala 23 ne kowane terabait a wata. Backblaze B2 kusan dala 6 ne a farashin 2025, kuma yana barin ka sauke har ninki uku na abin da ka ajiye a wata ba caji. Glacier Deep Archive na Amazon, wanda ya fito a 2019, kusan dala 1 ne kacal, sai dai da sharuɗɗa: duk abin da ka sa za a caje ka na kwana 180 ko da ka goge gobe, maidowa tana ɗaukar awa 12 zuwa 48 kafin ma ka fara saukewa, kuma fitar da bayanai daga Amazon kusan senti 9 ne kowane gigabait. Terabait 5 da kake biya wa dala 5 a wata zai ci maka kusan dala 450 a kuɗin fitarwa kaɗai ranar da ka neme shi duka. Wannan ba aibu ba ne idan ka san da shi tun farko. Wurin ya dace da kwafin shekara-shekara da aka dunƙule aka rufe. Bai dace da ma'ajiyar restic da ake tankaɗewa, wato share tsofaffin sigogi, kowane mako ba, domin tankaɗen yana bukatar karanta tsofaffin gutsure.

Ƙarkon faifai ba damuwarka ba ce a nan. Damuwarka ita ce asusun: katin da ya ƙi biyan dala wata biyu a jere, ko adireshin imel na ma'aikacin da ya tafi, suna iya yi maka ɓarnar da gobara ba ta yi ba.

Kaset ɗin LTO

LTO nau'in kaset ne na ajiye bayanan kwamfuta. Mutane suna ɗauka kaset ya mutu, alhali manyan rumbunan bayanai na duniya har yau da shi suke ajiyar dogon zango. LTO-8 yana ɗaukar terabait 12 ba tare da matsewa ba, LTO-9 na 2021 yana ɗaukar 18. Kaset ɗin kansa ya fi faifai araha a kowane terabait, ba ya shan wuta idan yana kan kanta, kuma wanda ke cikin akwati babu mai kutse da zai kai gare shi ta waya. Akwai ma nau'in da ake rubutawa sau ɗaya ba a sake gogewa. Masu ƙera shi suna cewa yana kai shekara 30.

Sai dai shekara 30 ɗin a ɗaki mai digiri 16 zuwa 25 ne, marar ƙura da laima, ba a sito a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu ba. Na'urar karantawa kuma dubban daloli ce, kuma ita ce ke tsufa kafin kaset. A da kowace sabuwar na'ura tana karanta ƙarni biyu na baya, a LTO-8 da LTO-9 aka koma ƙarni ɗaya. Ma'ana duk bayan wasu shekaru sai ka kwashe komai zuwa sabon kaset, ko ka ajiye tsohuwar na'ura kana addu'a. Ana kuma bukatar mutum mai himmar canza kaset da kai shi wani gini, da manhaja irin Bacula ko Bareos mai riƙe jerin abin da ke kowane kaset. Ƙasa da terabait 50 ko makamancin haka, ban ga yadda zai biya kansa ba.

Faifan waje da ake juyawa hannu da hannu ƙanin wannan tsari ne. Yana aiki ga ƙaramin ofis idan faifan uku ne, ɗaya kullum yana wani gida. Kada dai a yi da SSD, irin ma'ajiyar da ba ta da faifai mai juyawa a ciki, domin idan ya daɗe ba wuta yana iya zubar da abin da ke ciki, musamman a zafi.

| Ma'auni | Saba ta biyu | Borg ko restic | Gajimare mai kulle | Kaset LTO |
|---|---|---|---|---|
| Kariya daga gogewa | Mai kyau idan ita ke jawowa | Mai kyau da "ƙari kawai" | Mafi ƙarfi | Mafi ƙarfi idan an cire |
| Kuɗin farko | Babba | Kaɗan | Babu | Mafi girma |
| Kuɗin wata-wata | Wuta da faifai | Hayar wuri | Dala 1 zuwa 23 a terabait | Kaɗan |
| Saurin maidowa | Mintuna | Ya danganta da layi | Awanni zuwa makonni | Awanni |
| Gano lalacewa | Da kansa | Sai ka sa bincike | Aikin kamfani | Sai ka karanta |
| Babban hatsari | Zama madubi, wuta, zafi | Ɓatan makulli | Asusu da biyan dala | Tsufar na'ura |

Wanne ya dace da wa

Idan ofishinka ƙarami ne, bayananka ba su kai terabait 2 ba, yawanci takardu da lissafi: restic zuwa Backblaze B2 ko makamancinsa da kulle wa'adi, haɗe da faifan waje a gida don saurin maidowa. A farashin 2025 kuɗin wata bai wuce dala 12 ba, kuma canjin kowace rana ƙarami ne, layin da kake da shi zai ɗauka.

Idan asibiti ne ko makaranta ko kamfani mai rassa biyu, inda ake neman tsofaffin fayiloli kusan kowane mako kuma intanet ba abin dogaro ba ne: saba ta biyu da ZFS a ɗaya reshen, tana jawowa, da jadawalinta daban. Kwafin ƙarshen shekara kawai za a kulle a tura Deep Archive. Wannan haɗin shi na fi ba da shawara ga yawancin masu karanta wannan, domin maidowar yau da kullum ba ta bi ta teku ba, kuma abin da doka ke nema yana inda ko kai ba za ka iya gogewa ba.

Idan gidan talabijin ne ko masu shirya fim, da bidiyo mai terabait goma-goma da ba ya canzawa bayan an gama: kaset, kwafi biyu a gine-gine biyu. Cire maimaici ba ya rage bidiyo sosai, kuma tura shi gajimare ta layinmu aikin watanni ne.

Idan kuwa abin da ya fi damunka shi ne masu garkuwa da bayanai ko ma'aikacin da zai iya yin ɓarna da gangan, kowane ka zaɓa, tabbatar kwafi ɗaya yana ƙarƙashin kulle wa'adi ko a cire yake daga waya gaba ɗaya.

Kowanne ka ɗauka, sa ranar gwaji a kalanda, sau ɗaya duk wata uku. A Janairu 2017 kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanansa bisa kuskure, ya tarar hanyoyin kwafinsa da yawa ba sa aiki, ya rasa bayanan kusan awa 6. A ranar gwajin kada ka maido da fayil ɗin jiya. Zaɓi siga mafi tsufa da jadawalinka ya ce tana nan, daga saba mafi nisa, ka ba wani abokin aiki takardar umarni da makulli ya maido da ita a wata kwamfuta daban, kai kuma ka rubuta awannin da ya ɗauka.